Sola a kan tafkin kifi, da abin da igiya ta ja mini

Gonata a gefen Kura ƙarama ce, tafkin kifi ya cinye rabinta. Da tsadar fetur ta ishe ni sai na sayi farantan sola shida don tayar da famfo, amma na rasa inda zan girke su sai in na tumɓuke albasa. Ƙanena ne ya nuna mini hoton madatsar ruwan Bui ta Ghana, inda aka shimfiɗa sola mai megawat 5 a kan ruwa. Na ce to, mu ma a yi daidai ruwa daidai tsaki.

Gangunan roba takwas muka samo, masu cin lita 200, mai walda ya haɗa musu firam. Nauyi ba matsala ba ne: ganga ɗaya, in an toshe bakinta da kyau, sai ta ɗauki kusan kilo 200 kafin ta nutse. Ga kuma sanyin ruwa, don sola haske take so ba zafi ba, farantin yana ɗumewa wutarsa tana raguwa.

Inda na yi sake igiya ce. A Fabrairu na ɗaure ta, tafki cike. Kafin Mayu ruwa ya ja baya, igiyoyi suka saki, ni ko a jikina. Ran da hadarin farko ya taso, ina cikin bukka na ji ƙaf! Iska ta kwashi abin ɗungurungum ta maka shi da gaɓa. Faranti ɗaya ya tsage kamar gidan gizo-gizo, waya ta tsinke tana lilo cikin ruwa. Allah ya tsare yaron da ke ba kifi abinci bai shiga ba. Daga baya na ji a 2019 guguwa ta tattare farantan madatsar Yamakura a Japan har wuta ta tashi, sai na ɗan rage zargin kaina.

Yanzu kusurwa huɗu nake ɗaurewa, kowace igiya da robar taya a tsakani, duk Juma'a in duba.

Belbela kuma ta mai da wurin masauki. Kashinta guda kan rage wutar faranti, dole kullum da safe a bi da tsumma a bakin gora. Tarwada dai ba ruwanta, da rana ta take duk a ƙarƙashin gangunan za ka same su.