Tarihin Rayuwata, Kashi na 17: Kaka a Baƙin Dajin Jamus

Assalamu alaikum 'yan uwa masu bibiya. Makon jiya mun tsaya a birnin Freiburg da ke kudu maso yammacin Jamus. Yau dutse za mu hau, domin daga tsakiyar Satumba zuwa ƙarshen Oktoba ne Baƙin Daji, wato Schwarzwald, yake cika kyau, kuma a daidai lokacin ne ya fi haɗari ga baƙo mai sha'awar tsintar laimar kwaɗi.

Dutsen Schauinsland yana kusa da gari, tsayinsa mita 1,284, sai Feldberg da ya ɗara kowanne a yankin da mita 1,493. Duk mita 100 da mutum ya hau, zafi na raguwa da kusan digiri 0.6, shi ya sa ganyen ƙoli ke riga na gindin dutse juyewa. A tafi da rigar ruwa da takalmi mai ƙwari, a kuma cusa ƙafar wando cikin safa. Kaskar yankin tana ɗauke da cutar kumburin ƙwaƙwalwa, kuma ba ta lafawa sai sanyi ya kankama.

Mai son sanin laimar kwaɗi, da itace zai fara. Da yawansu zarensu na ƙarƙashin ƙasa yana naɗe da saiwar wani itace: suna ba shi ruwa da ma'adinai, shi kuma yana ba su sukari. Don haka idan ka gane itacen da ke samanka, ka rage rabin wahalar gane abin da ke gaban ƙafarka. Itacen da Jamusawa ke kira Buche bawonsa sumul ne, ruwan toka, ganyensa kan koma jan ƙarfe a Oktoba. Itatuwan Fichte da Tanne ne ke rikita mutane, tun da dukansu ganyen allura gare su kuma ba sa kaɗewa. Damƙi reshe. In ya soke ka, Fichte ne. In allurar faffaɗa ce mai laushi, da fararen layuka 2 a bayanta, Tanne ne. 'Ya'yan Fichte suna rataye ne su faɗo a ɗunkule, na Tanne kuwa a tsaye suke, a kan reshe suke warwatsewa. Saboda haka cikakken ɗa da ka tsinta a ƙasa kusan kullum na Fichte ne.

Furanni sun yi ƙaranci a wannan lokaci, amma a makiyaya mai danshi ta bakin daji za ka ga Herbstzeitlose, fure ruwan hoda mai sirkin shuɗi da ke fitowa tsirara ba ganye, sai bazara ganyen yake zuwa. Kowane sashensa dafi ne. A kalla, a ɗauki hoto, a hana yara taɓawa.

To, ga inda nake so a natsu. Steinpilz, laimar kwaɗin da ake ci wadda Jamusawa ke ji da ita, tana fitowa kusa da Fichte da Buche. Hularta ruwan ƙasa ce, ƙafarta kakkaura, ƙarƙashin hular kuma soso ne mai ƙananan huji, ba tsage-tsage ba. Mai kisan kuwa, Knollenblätterpilz, ta fi son gindin itatuwan Eiche da Buche a ƙasa-ƙasan dutse. Hularta kore-kore ce ko fara-fara, tsage-tsagen ƙarƙashinta farare tas, tana da zobe a wuya, gindinta kuma na zaune cikin wata 'yar jaka da ƙasa ke rufewa. Wanda ya yanke ta da wuƙa daga sama ya bar babbar shaidar a ƙasa. A tono ta gaba ɗaya in ana son tantancewa. Akwai kuma gwajin ƙurar da ke zubowa daga ƙarƙashin hular: a kifa hular a kan takarda rabi fara rabi baƙa, a rufe da kofi har wayewar gari. Tata ƙurar fara ce, ta Champignon da ake ci kuwa ruwan ƙasa ce mai duhu.

Dafuwa, suya ko shanya ba sa kashe dafin Knollenblätterpilz, kuma guda 1 ta isa ta halaka babban mutum. Abin da ya sa ta fi muni shi ne jinkiri. Amai da gudawa ba sa farawa sai bayan awa 6 zuwa 24, daga nan mutum ya ji kamar ya warware alhali hantarsa ce ke lalacewa. A Satumbar 2015, likitoci a birnin Hannover na Jamus sun karɓi 'yan gudun hijira da dama, galibi daga Siriya, waɗanda suka ci ta bisa zaton irin ta ƙasarsu ce. Don Allah, wanda ya saba da naman kazan da ke tsirowa kan suri a gida da damina, kada ya auna na nan da idon can. Duk wanda ya ci ya yi shakka, ya kira lambar gaggawa 112 nan take, kada ya jira ciwo, kuma ya tafi da ragowar abincin.

Abin da aka tsinta a zuba a kwando, leda tana sa shi gumi ya ruɓe, ko mai kyau ne ya ɓata ciki. Doka ta yarda da ɗan abin da za a ci a gida kawai, kusan kilo 1 ga mutum a rana, ban da wuraren da aka killace. Kafin tukunya, a kai wa masanin da ke duba kwandon mutane, ana samunsu a garuruwa da yawa.

Mako mai zuwa, in Allah ya kai mu, za mu shiga batun dusar ƙanƙara ta farko a Feldberg.