Kafin a Sauya Katin Hoton Kwamfuta

Shigar sabon katin hoto, wato na'urar da ke sarrafa hoton da ke fitowa a allo, cikin ramin PCIe da ake soka shi a cikin kwamfuta ba ta nufin zai yi aiki, domin kowace babbar manhaja, kamar Windows ko Linux, da irin direban da take karɓa, wato ƙaramar manhajar da ke sa katin ya yi aiki. A Windows, katunan kamfanin Nvidia da na kamfanin AMD duk suna tafiya lafiya. A Linux kuwa hankalina ya fi kwanciya da AMD, saboda direbansa a haɗe yake zuwa da manhajar, alhali na Nvidia galibi sai an girka shi daban, wani lokaci ma sabuntawa ta bar mutum da baƙin allo. Lamarin Apple ya fi tsauri, domin tun fitowar babbar manhajarsa ta macOS Mojave a 2018 sababbin katunan Nvidia ba su da direba a can. A kuma duba akwatin wutar kwamfutar, ko yana da irin igiyar da katin ke buƙata, kamar mai fil takwas.