Lambar yabon maƙalar shekara da abin da shekara ɗaya ba ta iya gani

Kowace shekara wasu daga cikin mujallun kimiyyar haɗa sinadarai suna zaɓen maƙala ɗaya cikin ɗaruruwan da suka buga, su ce ita ce ta yi fice, su karrama marubutanta. Kamfanin ɗab'i na Thieme da ke Stuttgart a Jamus yana yin haka a mujallunsa biyu, wato Synthesis wadda ta fara fitowa a 1969, da Synlett wadda ta biyo bayanta a 1989. Ƙungiyar masana sinadarai ta Amurka ma tana da irin wannan tsari ga The Journal of Organic Chemistry, wadda take fitowa tun 1936, da Organic Letters ta 1999, inda ake gayyatar wanda aka zaɓa ya gabatar da lacca a taron ƙungiyar. Fannin da waɗannan mujallu suke yi wa hidima shi ne na gina sinadaran da kabon ne ƙashin bayansu, kuma daga nan ne yawancin magungunan da muke sha, da rini, da maganin ƙwarin gona suke samo asali.

Ina goyon bayan irin wannan karramawa, kuma dalilina shi ne tana kallon aiki guda ɗaya, ba ta jiran mutum ya yi furfura. Manyan lambobin yabo sukan je ga wanda ya riga ya yi suna bayan shekaru masu yawa, amma lambar maƙala tana iya faɗawa kan malamin da bai daɗe da buɗe ɗakin gwaje-gwajensa ba, kuma sunayen ɗaliban da suka yi aikin da hannunsu suna nan a saman shafi, kowa yana gani. Ga ɗalibin da ya kwashe watanni yana maimaita gwaji ɗaya yana canza zafi da ruwan narkarwa, wannan ba ƙaramin abu ba ne.

Abin da yake damuna shi ne lokacin da ake yanke hukunci. Editoci suna zaɓe ne tun maƙalar tana sabuwa, alhali a wannan fanni darajar aiki ba ta bayyana sai wasu hannaye sun ɗauke shi sun gwada. A 1979 Akira Suzuki da Norio Miyaura da abokin aikinsu, daga Jami'ar Hokkaido a Japan, suka buga gajeriyar maƙala a Tetrahedron Letters, suna nuna yadda za a ƙulla kabon da kabon ta amfani da sinadarin boron, ƙarfen faladiyom kuma yana hanzarta haɗuwar. Sai da shekaru suka ja kafin kamfanonin magunguna su mayar da ita hanyar yau da kullum, har aka yi amfani da ita wajen haɗa losartan, maganin hawan jini. Lambar Nobel ba ta zo wa Suzuki ba sai a 2010, tare da Richard Heck da Ei-ichi Negishi, shekara 31 bayan waccan maƙala. Tsutomu Mizoroki, wanda ya buga irin aikin Heck na ƙulla kabon da kabon da taimakon faladiyom a 1971, ya rasu a 1980, tun kafin duniya ta gama fahimtar abin da ya gano.

Akwai kuma maƙalun da ba su da ƙyalli ko kaɗan. A 1978 W. Clark Still na Jami'ar Columbia da abokan aikinsa biyu suka buga shafi uku kacal a kan yadda za a tace sinadari cikin sauri: a cika doguwar kwalba da garin silika mai laushi, a zuba cakuɗen a sama, a tura ruwan narkarwa da matsin iska maimakon a zauna ana jiran ya ɗiga da kansa, sai aikin da kan cinye sa'o'i ya kammala cikin minti goma zuwa goma sha biyar. Babu sabon sinadari a ciki, babu sabuwar nazariyya, amma da wuya a shiga ɗakin gwaje-gwajen haɗa sinadarai a yau ba a tarar da wani tsaye gaban irin wannan kwalba yana canza ƙananan kwalaben tara ruwa ɗaya bayan ɗaya ba. Wannan maƙala tana cikin waɗanda aka fi ambato a tarihin mujallar da ta buga ta.

Saboda haka ni a ganina, tun da alƙalan shekara ba za su iya hango shekara talatin ba, akwai abin da za su iya aunawa tun yanzu, wato sashen da marubuta suke bayyana yadda aka yi gwajin dalla-dalla: giram nawa, zafi nawa, minti nawa, wane launi cakuɗen ya koma, kashi nawa cikin ɗari aka samu. Mai koya wa wani miya ya manta bai faɗi yawan kanwar da ya sa ba, bai gama koyarwa ba, ko da tasa miyar ta yi daɗi.

Labarin kwinin, tsohon maganin zazzaɓin cizon sauro, ya nuna nauyin wannan batu fiye da duk wani bayani da zan yi. A 1918 Paul Rabe da Karl Kindler a Hamburg suka ba da rahoton cewa sun mayar da wani sinadari mai suna kwinotoksin zuwa kwinin a mataki uku, amma ba su rubuta cikakken bayanin gwajin ba. A 1944, lokacin yaƙin duniya na biyu, bayan Japan ta kama tsibirin Java inda ake samun mafi yawan ɓawon itacen da ake cire kwinin daga gare shi, Robert Woodward da William Doering a Harvard suka haɗa kwinotoksin, suka dogara da rahoton 1918 a matsayin ƙarashen hanyar, jaridu kuma suka yi ta yayata cewa an haɗa kwinin. Da Gilbert Stork ya buga tasa hanyar haɗa kwinin a 2001, sai ya nuna shakka ƙarara, yana ganin ba a taɓa tabbatar da matakan Rabe da Kindler ba. Muhawarar ba ta lafa ba sai a 2008, lokacin da Aaron Smith da Robert Williams na Jami'ar Jihar Colorado suka koma ɗakin gwaji suka maimaita matakan, suka samu kwinin. Abin da ya fi jan hankalina a aikinsu shi ne mataki na ƙarshe, wanda ake amfani da garin alminiyom: sabon gari mai tsabta bai ba su abin kirki ba, sai wanda ya sha iska ya ɗan gurɓata ne ya yi aiki. Shekara 90 aka yi kafin a san wannan ƙaramin sharaɗi, domin ba a rubuta shi tun farko ba.

Hanyar kauce wa irin wannan ta daɗe da samuwa. Organic Syntheses, wadda Roger Adams yake cikin waɗanda suka kafa ta a 1921, ba ta buga wata hanyar haɗa sinadari sai an maimaita ta a ɗakin gwaje-gwajen ɗaya daga cikin editocinta, an ga ta ba da abin da marubuta suka ce, kuma masu dubawar sukan ƙara nasu bayanin kan wurin da suka sha wahala. Ba kowace mujalla ce za ta iya yi wa dukan maƙalunta haka ba, don aikin yana cin kuɗi da lokaci. Amma maƙalun da suka kai zagayen ƙarshe na lambar yabo ba su da yawa, kuma zan so a ce kafin a sanar da sakamako an miƙa babban gwajin kowace ɗaya ga wani ɗakin gwaje-gwaje na daban, a ba shi watanni kaɗan ya maimaita, sannan a buga rahoton masu dubawar tare da sunan wanda ya yi nasara.