Borin jini da hunturun Berlin

Aikin farko da na samu a Berlin shi ne kai wa mutane abinci gida a kan keke. Da rani na fara, lokacin da rana ke kaiwa ƙarfe tara na dare ba ta faɗi ba, har na ce ashe Turan nan da sauƙi. Nuwamba na shigowa jikina ya juya mini baya. Abin mamakin, a kan keke lafiya lau nake. Sai na hau bene, ɗumin gida ya buge ni, sannan bayan hannu da wuya da kumatu su yi rudu-rudu, in yi ta susa kamar wanda ya kwana a ƙaiƙayin gero. Kafin awa biyu ya lafa.

Inna ta ce a waya: "Borin jini ne, ɗan nan, ka shafa manja." Na shafa, don ba a musu da uwa. Amma ranar da na yi alwala da ruwan famfo a wani masallaci a unguwar Neukölln, yatsuna suka kumbura har na kasa ɗaura igiyar takalmi, sai wani dattijo ɗan Zinder ya kama hannuna ya ce, "Yaro, wannan na asibiti ne."

Likitar fata ta sa ƙanƙara a leda, ta ɗora mini a damtse minti 5, ta ɗauke, muka zauna jira. Da yatsa ta shafa wurin, domin a baƙar fata jan ba ya fitowa, tudun kumburin ake lalube. Ga shi kuwa, daidai faɗin ƙanƙarar. Ta ce akwai wasu ƙwayoyin garkuwar jiki a fata da ake kira mast, su ne sanyi ke tunzurawa su zubo histamin, sinadarin da ke jawo kumburi da ƙaiƙayi. Ta rubuta mini maganin ƙaiƙayi irin wanda ba ya sa barci sosai, ta ce idan ƙwaya ɗaya ta gaza ana iya ninkawa har huɗu bisa umarnin likita. Ta haɗa mini da allurar adrenalin ta aljihu, ta gaggawa idan borin ya yi tsanani, ta kuma ja kunnena: kada in kuskura in faɗa tabki ko da rani, yadda mutanen garin ke yi a Wannsee. Jiki duka ya sha sanyi lokaci guda, jini na iya faɗuwa, mutum ya suma a ruwa.

Daga baya na gane na faɗo garin da aka fi bin diddigin cutar. A asibitin Charité, ƙungiyar Farfesa Marcus Maurer, wanda ya rasu a 2024, ta fito da na'urar TempTest mai gano daidai ma'aunin sanyin da fatar mutum ke fara kumbura. Da ita ake auna ko magani ya yi aiki. A 2017 suka nuna allurar omalizumab na taimaka wa masu irin nawa, sai dai lasisinta na borin jinin da ke tasowa haka siddan ne, don haka sai an yi ta rubuce-rubuce da kamfanin inshora kafin ya biya. An gwada wata allurar, dupilumab, bai kai gaci ba. Ƙwayar remibrutinib ta samu izini a Amurka a 2025, ita ma don na haka siddan ɗin.

Maganin da ya fi ɗaukar hankalina barzolvolimab ne, domin shi ƙwayoyin mast ɗin yake ragewa. A gwajin farko a Berlin, kusan duk waɗanda aka ɗura wa shi ta jijiya sau ɗaya sun daina kumbura na wani lokaci. Wasu gashinsu ya yi haske, wasu ɗanɗanon bakinsu ya canza. Furfura ba ta dame ni ba, amma Allah bai halicci ƙwayoyin nan a banza ba, gara a gama gwajin tukuna.

Na ajiye keke, yanzu gidan burodi nake aikin dare, kusa da tanda. Shiga ɗakin sanyi ɗauko man shanu kuwa mun yi musaya da wani ɗan Siriya: shi ya shiga, ni in wanke masa farantan gashi.