Janaretan sigina da na shekara tara ban saurara ba

A shagonmu na gyaran rediyo da amfilifaya a unguwar Nima da ke Accra akwai wani tsohon akwati mai launin toka da muke kira janaretan sigina. Maigidana ya saye shi kwance a Zongo Lane tun kafin a kawo ni koyon aiki. Aikinsa ɗaya ne. Idan aka kawo amfilifaya mai ciwo, sai mu saita shi a kan girgiza 1,000 a daƙiƙa, mu zuba a mashiga, mu bi sawun siginar a fuskar osiloskof, na'urar da ke zana siffar sigina a allo, har mu iske inda ta karye. Shekara tara ina wannan. Sautin kansa kuwa damuwa yake mini, shi ya sa nakan cire sifika in sa rasista a madadinta don kada kunnena ya gaji.

Wani ƙanen abokina da ke haɗa wa mawaƙa kiɗa a Mamobi shi ya sauya mini tunani. Ya shigo da ɗan akwatin sintasaiza, na'urar haɗa sautin kiɗa da lantarki, irin na haɗe-haɗe, wanda kowane ɓangare ke zaman kansa sai ka sada su da wayoyi, tsarin Eurorack da kamfanin Doepfer na Jamus ya fito da shi a 1995. Yana da matatar sauti da ɓangaren buɗe murya da rufe ta, amma kuɗinsa bai kai ga ɓangaren da ke haifar da sautin ba. Ya hango akwatinmu a kan tebur ya ce, "Yaya, ara mini wancan mana." Na ce wannan ai ma'auni ne, ba kayan kiɗa ba. Shi ya fara gaya mini cewa a ɗakin kiɗan lantarki na gidan rediyon Kolon a Jamus, wanda aka kafa a 1951, da irin waɗannan na'urorin awo aka yi aiki, kuma a 1953 Stockhausen, wani Bajamushe mai tsara kiɗa, ya gina kiɗa guda da tsantsar sautinsu, yana naɗa a faifan tef yana yankawa yana liƙawa.

Na haɗa masa waya, bakin BNC irin na na'urorin awo a gefe ɗaya, ƙaramin jak na milimita 3.5 a ɗayan. A nan na yi kuskuren da har yau yake ci mini rai. Ban duba makunnin zango ba, ashe yana kan ninki mafi girma, siginar tana fita sama da girgiza 30,000. Kunnen ɗan Adam iyakarsa wajen 20,000 ne, na manya ma bai kai nan ba. Da muka ji shiru sai muka riƙa ƙara ƙarfi, har ƙauri ya tashi daga ƙaramar sifikar yaron. Osiloskof yana gefena a kunne, ban dube shi ba, domin a raina na ce yau ranar kunne ce. Maigida bai yi faɗa ba. Cewa kawai ya yi, "Wanda ya ƙona shi zai naɗa." Na biya daga aljihuna. Tun ranar ba na sada komai sai na ga siginar da idona, na sauke ta zuwa bolt 10 daga ƙoli zuwa ƙasa, gwargwadon abin da ɓangarorin suka saba ɗauka, don janaretanmu yana iya ba da ninkin haka.

Abin da ya fi kama ni ya zo ne a mako na biyu. Muka sa siginar mai kusurwa huɗu, muka sauke ta zuwa bugu 4 a daƙiƙa. Tas, tas, tas, kamar yaro na koyon ganga. Na riƙa murza dayal a hankali. Bugun ya yi sauri, ya koma kamar babur a tsaye, sannan a wajen 20 ya daina ƙirguwa, ya zama murya guda mai kauri. Na mayar da shi baya, muryar ta warware ta koma bugu. Na yi haka ya fi sau goma. Ashe kiɗan ganga da amon algaita abu guda ne, sauri kawai ya raba su. Na san lissafin tun a aji, na rubuta shi a jarrabawa, amma sai ranar ya shiga jikina.

Akwai inda akwatin ya ƙi mu. Tsarin yaron da bolt yake ɗaga murya da sauke ta, yana so kowane ƙarin bolt ɗaya ya ninka girgiza, 110 ta koma 220, ta koma 440. Namu kuwa ƙari yake yi daidai wa daida, 110, 220, 330, don haka duk karin waƙar da aka tura masa sai ya fito a karkace. Na kwana uku ina zana da'irar da za ta gyara wannan, yaron ya ce in bari. Ya riƙe dayal ɗin da hannu, yana matsawa yana saki kamar mai matse tsarkiyar kalangu a hammata, matatar sauti tana buɗewa tana rufewa a kai. Ni mai son komai ya zauna daidai ne, amma na yarda nasa ya fi abin da na yi niyyar ginawa daɗi.

Yanzu idan aka kawo gyara nakan bar sifika a haɗe, ƙasa-ƙasa. Gurnanin wutar gida da kafasita mai mutuwa ke saki, da kaushin da ke hawa kan sauti idan taransisto ɗaya ya gaza, sau da yawa kunnena kan riga osiloskof kama su. Yaron yana zuwa ran Asabar bayan la'asar da akwatinsa a jakar goyo, maigida kuma ya ce mu riƙa kashewa idan an kira magariba.