Launin da Aka Zaɓa a Ofis

A ƙarshen watan nan zan ajiye aiki bayan shekara tara ina kula da sashen fenti na kamfaninmu, kuma da yake wasu daga cikin abokan aiki sun nemi in rubuta musu abin da na koya, na ga ya dace in fara da aikin da kowa ya sani amma ba mai son a tayar da maganarsa, wato tsohon gidan nan mai ƙofofin katako da muka yi wa fenti sau biyu.

Gidan ya haura shekara sittin. Bangonsa mai kauri ne, tagoginsa ƙanana, filastarsa irin ta dā ce mai farar ƙasa, daɓensa kuma tarazo ne da ya rine zuwa ruwan ɗorawa saboda daɗewa. Mai gidan, wata dattijuwa da 'ya'yanta suka ɗauki nauyin gyaran, abu ɗaya ta nema, shi ne falonta ya yi haske. Shugabana ya buɗe littafin launuka a kan teburinsa, ya ɗora yatsa a kan wani ruwan toka da ake yayi a lokacin, ya ce a yi bango da shi, a ɗauki mai ɗan sheƙi don ya yi sauƙin gogewa, silin kuma a yi shi fari fat. Na ce, "Yallaɓai, da an bari na shafa gwaji a bangon tukuna." Ko kai bai ɗaga ba ya ce, "Fenti ne ko magani da za a tsaya gwaji?" Na yi shiru, na sa hannu a takardar odar, kuma da yake laifi tudu ne, ba zan taka nawa in hango nasa kaɗai ba: na san abin da ya kamata, na faɗa sau ɗaya da baki, ban rubuta ba, ban nace ba.

Ranar da muka sauke tsani na tsaya a tsakiyar falon da la'asar, gabana ya faɗi. Tagar falon yamma take kallo, jan hasken da ke shigowa kuwa ya mai da ruwan tokar shunayya-shunayya. Ƙwan lantarkin ofishinmu fari ne mai ja zuwa shuɗi, irin mai lamba 6500 a awon Kelvin, wato ma'aunin launin haske, na gidan kuma mai ja zuwa ɗorawa ne, wajen 2700, saboda haka launin da muka gani a kan tebur dabam, wanda ya bayyana a gidan da rana dabam, na dare kuma dabam. Ƙari ga haka, launin da ya yi sanyin gani a ɗan katin da bai kai tafin hannu ba yakan ƙara ƙarfi da duhu idan ya mamaye bango huɗu. A bayan katin ma akwai lambar da ke nuna yawan hasken da launi ke mayarwa, daga 0 zuwa 100, ta wannan launi ba ta kai 60 ba, ga ɗaki mai ƙananan tagogi, amma ba wanda ya juya katin a cikinmu.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne yadda sabon fentin ya tona asirin tsofaffin kayan gidan. Farin silin ya sa tarazon ya zama kamar ba a taɓa wanke shi ba, ƙofofin katakon da dattijuwar ke alfahari da su suka koma kamar an ɗauko su daga wani gida, sheƙin kuma ya fito da kowane tudu da kwari da kowane faci da aka taɓa yi wa filastar. Bayan wata huɗu, da ruwan sama ya sauka, sai ƙasan bangon ya fara kumbura yana ɓamɓarewa, farin gishiri na tsattsafowa ta ƙarƙashi, domin irin wannan filasta tana buƙatar fitar da danshin da ta sha, mu kuwa mun lulluɓe ta da fentin da ya toshe ta kamar leda.

A gaban babban ɗan dattijuwar shugabana ya zaro takardar odar ya nuna sa hannuna, ya ce ai shi ya amince da ƙwararrensa ne. Ita kuwa ba ta ce da kowa komai ba sai da ta rako ni bakin ƙofa, ta ce, "Ɗana, ni fa haske kawai na ce." A shekarar ƙarin girma ya tsallake ni.

Da aka ce a sake aikin ba wanda ya so ya taɓa shi, sai aka bar mini, na yi shi yadda na so tun farko. Kafin a kankare komai na sa aka gwada tsofaffin shafe-shafen ko da dalma a ciki, domin Amurka ma sai a 1978 ta haramta fentin gida mai dalma, ƙurarsa kuma guba ce, musamman ga yara, don haka da jiƙa muka kankare, ba a sa sanfefa a busasshen bango ba. A wata kusurwa na ƙirga shafi shida, ɗaya a kan ɗaya, na can ƙasa ruwan madara ne mai ɗan duhu, kuma ina ganinsa kusa da katakon ƙofar na gane cewa wanda ya fara fentin gidan ya duba ƙofofin da daɓen kafin ya duba gwangwani. Muka gyara inda ruwa ke shiga, muka bar bangon ya bushe. Sannan na shafa launi uku, kowanne faɗin mita ɗaya, shafi biyu, a bango uku dabam-dabam, na roƙi dattijuwar ta riƙa dubawa da hantsi da la'asar da bayan an kunna fitila har kwana uku. Ta zaɓi ruwan madara mafi haske, marar sheƙi, na fentin farar ƙasa da ke barin danshi ya fita, silin kuma muka yi shi da launin nan aka ƙara masa fari kaɗan. Hoton wannan falo ne yanzu a bangon ɗakin baƙi na kamfanin, sunan da ke ƙasansa kuwa ba nawa ba ne.

Sauran abubuwan ba su buƙatar dogon bayani. Farin fentin mai yana rinewa zuwa ɗorawa a wurin da rana ba ta kaiwa, don haka kada a sa shi a lungu. A sayi fentin ɗaki ɗaya daga haɗi ɗaya, in ba haka ba a juye gwangwanayen a bokiti guda a gauraya. Idan wanda ke sama da kai ya ƙi gwaji, ka rubuta masa shawararka da kwanan wata, ka ajiye kwafi.

Katin ruwan tokar nan yana cikin durowar teburina har yau, na rubuta ranar odar a bayansa, kusa da lambar da ba mu duba ba. Na bar shi a nan ga wanda zai gaji kujerar.