Darussan da na koya game da laimar kwaɗi ta magani da masu borin jini

Aikin ɗakin magani ne ya tilasta mini zama in yi karatu a kan laimar kwaɗi, saboda yawan masu tambaya game da kofi da ƙwayoyin laimar kwaɗi mai suna Ganoderma da ake tallatawa a garuruwanmu. Galibinsu masu asma ne, ko masu atishawa ba ƙaƙƙautawa da zarar hunturu ya taso da ƙura, ko masu borin jini. An ce musu abin yana ƙarfafa garkuwar jiki, su kuma sun gaji da wahala.

Maganar tana da tushe. Sinawa sun daɗe suna magani da wannan laimar kwaɗi da suke kira lingzhi, Japanawa kuma reishi. A jikinta, da na shiitake (wata laimar kwaɗi da ake ci) da wasunsu, akwai sinadarin beta-glucan wanda ke manne wa wasu ƙwayoyin garkuwar jiki ya zaburar da su. A 1977 Japan ta amince da maganin PSK da ake cirowa daga wata laimar kwaɗi mai fitowa a jikin ruɓaɓɓen itace, a 1985 ta amince da lentinan na shiitake. Dukkansu masu ciwon daji ake bai wa, a matsayin ƙari a kan maganin asibiti.

Sai dai mai borin jini ba rauni ne ke damun garkuwarsa ba, wuce gona da iri take yi. Ƙura ko gyaɗa ko kifi sun shiga jiki, sai ta ɗauke su abokan gaba, ƙwayoyinta su saki histamin, fata ta yi rudu-rudu, hanci ya toshe, ƙirji ya riƙe. To wanda garkuwarsa ke wannan hali, me zaburarwa za ta ƙara masa? An ga sinadaran reishi masu ɗaci suna rage sakin histamin a ƙwayoyin jikin ɓera a ɗakin bincike, amma gwaji a kan mutane kaɗan ne ƙwarai, bai kai a ɗora magani a kansa ba.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne shiitake. Wasu idan suka ci ta ɗanya ko ba ta dahu sosai ba, bayan kwana ɗaya ko biyu sai jajayen layuka masu ƙaiƙayi su fito musu a baya da ƙirji, kamar an zane su da bulala. Wani likitan fata a Japan, Nakamura, ya bayyana wannan a 1977, kuma lentinan ɗin nan da ake magani da shi ake zargi, domin dahuwa mai kyau tana kawar da matsalar. Masu nomanta a rufaffen ɗaki ma, ƙurar irinta kan kumbura musu huhu.

Shi ya sa yanzu tambaya nake fara yi. “Hajiya, kina shan maganin tsinka jini?” Reishi na iya ƙara zubar jini ga mai shan warfarin. Akwai ciwon hanta? An samu rahotannin waɗanda garin reishi ya taɓa wa hanta. Wanda aka yi wa dashen ƙoda kuwa, da gangan likita ke danne garkuwarsa, don haka kai tsaye nake hana shi.

Masu asma su na fi ji wa tsoro. Kuɗin kofin ba kaɗan ba ne, kuma wani daga kuɗin abin shaƙarsa yake cirewa ya saya. Irin wannan nakan roƙe shi ya fara sayen abin shaƙar, ya riƙa yawo da shi a aljihu, sauran maganar mu yi ta tare da likitansa.